Koren Bangon Babana

Bangon tukubarmu a unguwar Briqueterie kore ne tun kafin in yi wayo. Babana ya shafa shi da ragowar fentin masallacin layinmu, kuma duk lokacin da aka sabunta masallaci, bangon ma sai ya samu rabonsa. Direban taksi ma in ka ce masa "Brique, mur vert," wato koren bango, ba ya ƙara tambaya.

Bayan rasuwar Baba, wani mutumin unguwar Elig-Edzoa da ya daɗe yana cin tsirenmu ya kafa kamfanin gasa nama, da rassa har unguwar Madagascar. Ya ce in zama reshensu. Na ga firji, na ga allo mai wuta, na sa hannu. Yarjejeniyar ta kasa kayansu gida biyu. Akwai tambari, wato sunansu da hoton kan bijimi. Akwai kuma abin da suka kira suturar shago: launin bango, rigar ma'aikata, takardar naɗe nama, har tsayin benci. Launin da suka zaɓa kore ne. Har daɗi na ji, na ɗauka Baba aka girmama. Masu fentinsu suka zo suka rufe bangon da nasu koren, mai sheƙi kamar sabuwar roba.

Zaman bai yi nisa ba. Su suna so in gasa naman da ya kwana a ƙanƙara, ni kuwa da ƙafata nake zuwa mayankar Etoudi in zaɓi cinya. Yajinsu na leda kuma ko jariri ba zai sa atishawa ba. Na ce a raba gari.

Sai ga wakilinsu da rana tsaka, da jaka da takalmi mai tsini. Ya ce a sauke allo, na sauke. Ya ce riguna, na miƙa. Sannan ya nuna bango.

"Alaji, wannan ma. C'est dans le contrat, yana cikin yarjejeniya. Wanda ya fita ba ya amfani da launinmu, ko mai kama da shi. Ka shafa fari ko ja."

"Malam, launin naku a ina kuka samo shi?"

"Ba tarihi aka aiko ni ba. An yi masa rajista."

Raina ya ɓaci. Mutumin da ya zauna a gindin bangon nan yana lasar yatsa shi ne yau mai kore, ni ɗan mai bangon na zama ɗan aro.

Innata tana zaure tana jin mu. Ta leƙo da carbinta, ta dubi bangon, ta dube ni.

"Nasu suke nema? To ba su nasu mana."

Na ɗauko tsohuwar wuƙar fawa na kafa a bango. Fentin mai ne a kan tsohon bango mai hayaƙi, bai kama ba, sai ɓarewa yake kamar ɓawon albasa. Telolin da ke maƙwabtaka da mu suka bar kekunansu suka zo da almakashi. Kafin la'asar koren Baba ya fito, dusashe, da baƙin hayaƙi ta sama. A gefen tukuba kuma ga wani tabo mai duhu, inda Baba ya yi shekaru yana jingina bayansa. Na manta da tabon nan sarai. Da na gan shi sai da na juya baya na share ido.

Na tattara ɓawon fentin a takardarsu mai tambari, na naɗe yadda suka koya mini, na miƙa wa wakilin.

"Ga launinku, babu abin da ya rage."

"Har yanzu kore ne, Alaji. Za mu kai ka kotu."

"Ku kai. Amma ku fara da masallaci."

Wani lauya da ke sayen kilishi a wurina ya ce kada in cika baki, sa hannuna yana jikin takarda, ana iya kayar da ni. Na ce na ji. In alƙali ya ce a shafe, sai dai su kawo mai shafewa, hannuna ba zai yi ba.

Na mayar da kujerar Baba daidai wurin tabon. Can nake zama yanzu, kuma ina jingina.