Mutanen da Idi Ya Bari a Ƙarƙashin Ruwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Idris, wanda kowa a unguwar Tandabawi ta Makka ke kira Idi. Duk shekara idan motocin alhazai suka fara cika titunan Makka nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in rasa ta inda zan fara, domin abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi abu ne da wasu za su yi wa dariya, wato wasan kwamfuta. Bana na ce ko za a yi dariyar, a yi.

Daga Gusau na zo nan karatu. Wayata ce ta lalace a watannin farko, aka nuna mini wani ɗan shagon gyara, na tarar da wani siririn saurayi mai surutu kamar rediyo. Haifaffen Makka ne, kakansa ya taso daga Kano aikin Hajji bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, amma bai yarda akwai wanda ya fi shi iya ta ba. Ranar ya ja ni gidansu, mahaifiyarsa Inna Safiya ta zuba mini tuwo da miyar kuka, na ci har na ji kunya. Tun daga nan na zama ɗan gida, shi kuma ya laƙaba mini Shehi don tsokana.

Ɗakinsa na can ƙuryar gida, ba taga, sai na'urar sanyaya ɗaki mai gurnani da wata kwamfuta da ya harhaɗa da hannunsa. A kanta yake wani wasa na jiragen yaƙin Jamus masu nutsewa ƙarƙashin teku, irin na Yaƙin Duniya na Biyu. Kai ne kyaftin, a ba ka jirgi da mutane, a tura ka tsakiyar teku farautar jiragen kayan Ingila. Na zaci harbe-harbe zan gani, ashe yawancin wasan jira ne. Sai ya zauna tun daga la'asar, abin sauti a kunne, yana sauraren ruwa, ba abin da ke motsi a allon. Na ce masa, "Idi, kai da ko kwalekwale ba ka taɓa shiga ba, tekun Jidda ma daga nesa kake gaishe shi, me ya haɗa ka da wannan?" Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Uskut, ya Shehi, akwai jirgi a samanmu." Kuma na yi shirun, har da rage numfashi.

Daga bakinsa na san tarihin jiragen. Ya ce ba kullum suke ƙarƙashin ruwa ba. A sama suke tafiya da injin dizal, sai an hango su su nutse su koma kan batir, kuma batir da iska duk ƙarewa suke yi. Mutane ne cunkushe cikin bututun ƙarfe, ba wanka, gado ɗaya ana karɓa-karɓa, burodi ya yi funfuna, ko'ina warin mai da zufa. A farkon yaƙin su ne dodon teku, har gaɓar Afirka ta Yamma sun kai. Daga baya Ingila da ƙawayenta suka gano sirrin saƙonninsu, jiragen sama suka riƙa tsinto su, farautar ta juyo kansu. Mafi yawan samarin da suka shiga jiragen nan ba su dawo ba, kuma da yawansu har yau ba a san inda suke kwance ba.

Ban ɓoye masa ƙyamata ba. Na ce mutanen nan azzalumar gwamnati suka yi wa aiki, jiragen da suka nutsar kuwa cike suke da talakawa masu neman abinci, wataƙila har da baƙar fata irinmu, da gyaɗar da kakanninmu suka noma. Bai musa ba. Ya ce ya sani, kuma ba ya wanke su. Can sai ya ce, "Amma ya Shehi, ka taɓa neman iska ka rasa?" Idi na da ciwon asma tun yana yaro, abin shaƙarsa kullum na aljihu. A wasan akwai wani ma'auni da ke nuna yadda iskar cikin jirgin ke ɓaci, kuma na lura idonsa ya fi zuwa kansa fiye da kan jiragen da yake farauta. Ban ƙara yi masa wa'azi a kan wasan ba.

Dokoki biyu ya kafa wa kansa. Ta farko, in jirginsa ya nutse, ya nutse ke nan. Wasan na ba mutum damar komawa baya ya sake gwadawa, shi kuwa sai ya goge komai, kyaftin da mutanensa, ko da ya yi watanni yana renonsu, sannan ya wuni ba fara'a. Ta biyu, ba ya tashi ya bar su a ƙarƙashin ruwa. Ko kiran sallah aka yi, sai ya lallaɓa ya fito da su sun sha iska kafin ya yi alwala. Sau nawa muka rasa raka'ar farko saboda Jamusawan Idi. Inna Safiya takan leƙo ta ce, "Yalla, a fito da bayin Allah, an ta da sallah."

Lokacin Hajji yakan rufe shago ya yi aikin tafinta a motocin alhazan Najeriya. A shekarar da ya rasu, ranar da za su fita Mina, ina ɗakin. Jiragen rakiya na Ingila, masu gadin jiragen kaya, sun rutsa shi, jirginsa na can ƙasa, iska ta fara ɓaci, ga shugaban aikinsu na ta kiransa a waya. Ya jira, ya ƙara jira, ba su tafi ba. A ƙarshe ya adana wasan a yadda yake, ya kashe kwamfutar, ransa a ɓace. Ya ce, "Wallahi ban taɓa yi musu haka ba. Bayan Hajji zan fito da su, in sha Allah." Ya saɓi jakarsa ya fita.

A Muzdalifa ciwon ya tashi, cikin cunkoso da hayaƙin motoci. Waɗanda ke tare da shi sun ce abin shaƙar bai yi komai ba. Masu zuwa ta'aziyya kusan barka suka riƙa yi wa Inna: ya dace, ya cika a wuri mai tsarki, a rana mai daraja, wa zai samu irin wannan? Gaskiya suka faɗa, ita ma alhamdu lillahi take amsawa, amma na ga yadda maganar ta hana ta kuka. An yi masa sallah a Masallacin Harami, aka binne shi yadda ake binne kowa a nan, ba suna, ba alama. Mata ba sa shiga maƙabarta. Ni da na shiga, da na koma daga baya ban gane wurin ba.

Bayan an watse daga zaman makoki ta kira ni gefe ta ce, "Ya waladi, ɗana, mutanen nan da Idi ya bari, suna nan a ƙasa?" Ashe ta ji maganarsa ranar da zai fita. Na ce, "Inna, ai wasa ne." Ta ce, "Na san wasa ne, ni ba yarinya ba ce. Amma ya ce zai fito da su." Na gaya mata ban iya ba, kuma in na taɓa suka nutse, bisa dokarsa sai an goge su, alhali su ne abu na ƙarshe da ya fara bai gama ba. Ta ce to, in koya.

Na koya. Na sa wasan a tawa kwamfutar, na nutsar da jirage ba adadi, duk don kada in nutsar da wannan ɗaya. Amma ko da hannuna ya faɗa, tsoro bai bar ni na kunna tasa ba. Kowace shekara bayan Hajji Inna za ta tambaye ni sau ɗaya, in ce ba yanzu ba, ba ta matsa mini. Ni kuwa abin bai bar ni ba. Ina tsakiyar darasi ko ina tafiya kasuwa, sai in tuna suna can cikin jar fitila, iska na ƙarewa, kowa ya ɗaga kai yana sauraren abin da ke samansa. Na san hotuna ne kawai a cikin na'ura. Sanin bai taɓa sa ƙirjina ya daina nauyi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Makka ta yau. An rushe layinsu saboda sabon titi, Inna ta koma unguwar Utaibiyya wurin 'yarta, ɗakin nan mara taga motoci ke bi ta kansa. Ga jirgin ƙasa zuwa Jidda da Madina, wanda na tabbata da ya shiga sai ya leƙa ya ga yadda injin yake. Samari yanzu a waya suke wasanninsu, mutum ya mutu ya tashi sau da yawa kafin shayinsa ya huce. Da ya girgiza kai ya ce waɗannan ba su san darajar rai ba. Amma ni zai fi yi wa dariya, Shehin da ya yi masa wa'azi, yau ga shi ya san zurfin da ƙarfen jirgi ke fara kuka.

Bayan Hajjin bara kwamfutar, wadda ke lulluɓe da zane a ɗakin Inna, ta ƙi tashi da 'yarta ta gwada kunna ta. Wani mai gyara, abokin sana'ar Idi, ya farfaɗo da ita, ya ce ba za ta daɗe ba. Ya ba da shawarar a kwafe wasan a ajiye gefe, in jirgin ya nutse sai a sake gwadawa. Raina ya so hakan ƙwarai. Inna ta tambaye ni, "Shi yana yin haka?" Na ce a'a. Ta ce, "To halas, magana ta ƙare."

Wata Juma'a bayan la'asar na zauna. Inna na bayana kan darduma da carbinta. Allon ya buɗe, ga su nan yadda ya bar su, ga ƙarar na'urar da jiragen rakiya ke lalube da ita tana bugun ƙarfen jirgin. Na rage injin har ya kusa tsayawa, na riƙa zamewa a hankali. Suka jefo bama-bamai, fitilu suka ɗauke suka dawo, ruwa ya fara shigowa ta baya. Sannu a hankali ƙarar ta yi nisa, amma ban tabbata sun tafi ba, ma'aunin iska kuwa ya kai ƙarshe. Sai aka kira magariba. Ba zan tashi in bar su ba, ba kuma zan bar sallah ta wuce ba. Na yi bismillah na ba da umarnin a hau sama.

Teku muka tarar fayau, ana yayyafi, ba kowa. Na ji an buɗe murfin jirgin, iska ta shiga da ƙara. A bayana Inna ta ja wani dogon numfashi, sannan ta fashe da kukan da ban ga ta yi ba ranar da aka kawo mata labari. Ban juya ba, don ni ma ba na ganin allon sosai. Da ta natsa ta ce, "To, kai su gida."

Tun daga lokacin kowace Juma'a nakan je Utaibiyya, in ci abinci, in matsa da su kaɗan. Ban harbi jirgi ko ɗaya ba a hanya. Idan na auna abin da ya rage na Idi, ba shi da yawa a ido: shagon ya zama na wani, gidan babu, kabarin ba mai iya nunawa. Abin da ya bar mini shi ne wannan hali nasa na ƙin tashi ya bar wani cikin ƙunci, ko da wanda ba ya wankewa ne, ko da hoto ne a allo. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa inda yake kwance.

Makonni kaɗan da suka wuce fitilun tashar jiragen suka bayyana. Da zarar na shiga, wasan zai rufe tafiyar, kuma ba sauran wani abu na Idi da ke kan hanya. Sai na kashe injin a bakin tashar. Juma'ar da ta wuce ma na kunna, na zauna ina kallon fitilun, ban taɓa komai ba. Inna ta ce daga bayana, "Sun isa?" Na ce, "Saura kaɗan, Inna."

Ta daɗe tana kallon allon, kuma na san ta ga fitilun. Ta ce, "Shwayya shwayya, ya waladi, a hankali. Ai suna shan iska. Bar su tukuna."