Lamba Shida da Yayan Matarsa

A Tamaske, Mahfuzu Jika manomin albasa ne da rani, manomin gero da damina, amma da lamba shida aka fi saninsa. Wurinsa a filin ƙwallo shi ne tsakiya, gaban masu tsaron baya. Ba ya cin ƙwallo, ba a kuma yi masa tafi. Aikinsa ya tare gwanin abokan karawa, ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa wa na gaba, ya koma mazauninsa. Tun yana saurayi yake riƙe da rigar nan, kuma bai taɓa jin nauyin kowa a fili ba sai bana.

Bara ya auri Raihana, 'yar garin Keita. Mahaifinta ya rasu, don haka yayanta Lawali ne uba a gidan. Mahfuzu ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, in sun haɗu sai ya durƙusa. Lawalin nan kuwa shi ne lamba goma na Keita, kuma da Keita Tamaske ta haɗu a wasan ƙarshe na gasar hutun damina.

Tun da aka take wasa Mahfuzu yake bin surukinsa nesa-nesa, kamar mai rakiya. Can Lawali ya yi tuntuɓe a gabansa, ya dafa ƙasa. Kafin Mahfuzu ya yi tunani, jikinsa ya riga ya rusuna, bakinsa ya ce, "Sannu, Yaya." Lawali ya miƙe da ƙwallo a ƙafa, ya ratsa ta wurin da ya kamata a ce Mahfuzu yana tsaye, ya zura ta a raga.

"Ango, gaisuwa ka zo yi?" wani ya yi ihu daga cikin 'yan kallo. "Ku kawo mishi tabarma!"

Da aka tafi hutun rabin lokaci, mai horar da su, Malam Shafi'i, malamin lakwal, wato makarantar boko, da suke kira Mushe, bai ɗaga murya ba.

"Mahfuzu, in wancan mutum ya sake wuce ka, ka tuɓe rigar nan ka ba Ayuba, ga shi can yana jiran canji. Ba ta yau kaɗai nake nufi ba."

"Mushe, yayan matata ne."

"Na sani, na ci shinkafar bikin. Ka zaɓa."

Bayan an dawo Tamaske ta rama, ta kuma ƙara ɗaya. Mahfuzu ya yi ta dabara: yana toshe hanyar da za a miƙo wa Lawali ƙwallo, don kada su haɗa jiki. Dabarar ta yi aiki har alƙalin wasa ya fara duban agogo. Sai wata doguwar ƙwallo ta tsallake kowa, ta sauka a ƙirjin Lawali. Masu tsaron bayan Tamaske duk sun hau gaba. Tsakanin Lawali da mai tsaron raga babu kowa sai Mahfuzu.

"Kauce, ƙanena," in ji Lawali, yana tafe a guje. "Kada ka ji ciwo."

Mahfuzu ya ja da baya, ya sake ja. Ya ji muryar Malam Shafi'i tana kiran sunan Ayuba. Sai ya runtse ido, ya zube da ƙafa. Ya sami ƙwallo, ya kuma sami mutum. Lawali ya kife a kan tsakuwa, gwiwarsa ta ɓare.

Alƙali bai busa ba. Ƙwallo ta yi waje, ba a jima ba aka tashi.

Mahfuzu ya miƙa hannu, kansa a sunkuye. Lawali ya dubi hannun, ya tashi da kansa, ya ɗingisa zuwa motarsu.

Rigar ta tsaya wa Mahfuzu. Washegari da safe, gari na ta shagalin kofi, shi kuwa yana bisa babur a hanyar Keita, da ƙunshin goro da kawunsa a baya. A zaure Lawali ya bar su zaune har rana ta take, sannan ya fito da ɗaurarriyar gwiwa, ya amshi goron, ya dubi kawun.

"Baba, ku ce wa ɗanku na haƙura. Amma baɗi ma muna nan."