Ƙwan da Ƙasa Ta Dafa Mana

Ni da aka haifa a unguwar Ƙurban, sanyin Madina kaɗai na sani, wanda mayafi mai kauri da shayin na'ana'a ke maganinsa. Shekarar da kamfanin maigidana na garin Yanbu ya tura shi kwas ƙasar Aisland, kan harkar bututun tururi, sai ya ce in shirya mu tafi tare. Muka bar yara wurin mahaifiyata.

Muna fitowa daga filin jirgi iska ta mare ni, haƙorana suka hau kaɗawa. Abaya biyu na saka, na ɗora rigar sanyinsa a kai, ina tafiya kamar buhun shinkafa, shi kuwa sai dariya yake yi.

Ranar hutunsa muka ɗauki hayar mota zuwa bayan gari. Direbar wata dattijuwa ce mai farin gashi, tana Turanci, maigidan na fassara mini. Ta fara kai mu gindin wani dutsen ƙanƙara, shuɗi shar kamar an rina shi. Na cire safar hannu na shafa, na yi maza na mayar.

Daga nan ta kai mu wani fili inda ƙasa ke hayaƙi. Ruwa na tafasa a cikin rami, ƙanƙara kewaye da shi.

"Subhanallahi! Wa ya hura wuta a nan?" na ce.

"Ba kowa, Hajiya," in ji maigidan. "Daga ƙasa yake fitowa haka."

Dattijuwar ta ɗauko ƙwai a jakar raga, ta ɗaura a sanda ta zura cikin ramin. Ba a jima ba muka tsaya muna ɓarewa, yana ƙona mana yatsu. Ni kuwa ba na tafiya ba ƙullin yaji, sai na kwance na barbaɗa. Ta nuna nata ƙwan, wai ita ma a sa mata.

"Gaya mata yana da zafi fa," na ce.

Ya gaya mata, ta ɗaga kafaɗa. Cizo ɗaya fuskarta ta yi jajir, hawaye na zuba, ta damƙi ƙanƙara ta cusa a baki. Da ta samu numfashi sai ta sake miƙo ƙwan. Muka yi ta dariya har na riƙe ciki.

A can rana ba ta daɗewa, la'asar ta shigo tun muna wurin. Ƙasa kaɗan da ramin, ruwan da ke malalowa ya huce, ya zama mai ɗumi, nan muka yi alwala. Da dattijuwar ta gane abin da za mu yi, ta ɗauko bargo a mota ta shimfiɗa mana, ta koma gefe. Muka ta da salla, ƙanƙara na sauka a hankali kamar auduga, tururi na tashi daga fuskokinmu. Da muka sallame ta matso ta kakkaɓe mini kafaɗa, ta kama hannuna har bakin mota don kada santsi ya kwashe ni.