Ranar da Na Saka Kwamfutar Jikata a Randa

Akwai wata Asabar a tsakiyar damina, yau shekara uku ke nan, wadda ko tsufa ya kwashe min tunanin komai ba na jin zai kwashe nata. Ranar sunan tattaɓa-kunnena na fari ce. Waɗanda suke cikin gida lokacin da abin ya faru ina iya lissafa su da yatsa: ni kaina, da babban ɗana mai gidan, da matarsa, da matar jikana mai jego tana ɗaki da jaririnta, da unguwarzoma tana gyangyaɗi a bakin ƙofa, da maƙwabciyarmu ta bayan danga, wadda muka fi shekara talatin muna miƙa wa juna wuta da gishiri. Sai kuma jikata mace, mai karatun kwamfuta a jami'a can birni. Ita ce ma take rubuta wannan ina faɗa mata, don ni ban taɓa zama a aji ba. Na ce kada ta sa sunan kowa, kuma kada ta gyara min magana.

Ni mace ce mai sa ido, kowa a ƙauyenmu na ƙasar Kunci ya san haka. A nan gida manne yake da gida, gona manne da gona, in ba ka kula da naka ba sai ya gauraya da na wani. Ba a yar da ludayi a gabana, ba a barin murfi a buɗe. Kuma in na ɓoye abu, daga ni sai Allah. Da wannan hali nake alfahari har zuwa waccan rana.

Jikata ta iso tun Alhamis da ƙaramar kwamfutarta irin wadda ake naɗewa kamar littafi. Ko hutawa ba ta yi ba ta rataye wayarta a reshen darbejiyar tsakar gida, don a can ne kawai sabis yake ɗan leƙo mu, ta shimfiɗa tabarma ta hau danne-danne. Ranar Juma'a na gaji da kallonta.

Na ce, “Ke 'yar boko, suna kika zo ko gadin wannan allon?”

Ta ce, “Inna, aiki aka ba ni. Kwamfutocin ɗalibai nake haɗawa.”

“Ina kwamfutocin? Ni ɗaya nake gani, ita ma ba ta kai faifai ba.”

Sai ta ja ni na zauna. Ta ce ɗalibai da yawa ba su da kwamfuta mai ƙarfi, wasu daga Gezawa suke zuwa, wasu daga Bacirawa, ɗakin kwamfutar makaranta kuma ba ya ɗaukar su duka. Shi ne malaminsu ya zaɓe ta ta shirya wa kowane ɗalibi tasa kwamfutar, wadda ba a taɓa ta da hannu, sai dai mutum ya shige ta daga duk inda yake da sunansa da lambar sirrinsa. Ranar Litinin da safe za su yi jarrabawa a ciki. In ba ta gama ba, babu jarrabawa, ita ma makinta na shekarar ƙarshe a kan wannan aikin ya rataya. Ta nuna min wasu 'yan akwatuna a jere a fuskar allon kamar kunyoyin gona, ta ce kowanne na mutum ɗaya ne.

Yau takan rantse cewa a lokacin ta gaya min akwai wata babbar na'ura a makaranta, a ɗaki mai sanyi, a cikinta ake yanka waɗannan ƙananan kamar yadda ake yanka ɗakuna a gida. Ban musa ba. Amma a daidai lokacin akuya ta nufi dawar da na shanya, hankalina ya bi ta. Abin da na tashi da shi ɗaya ne: karatun 'ya'yan mutane kaf yana cikin wannan ɗan allon.

Da safiyar Asabar, bayan an raɗa suna, ta ɗan taɓa aikinta, sai uwarta ta ƙwala mata kira ta zo ta raka masu kai naman suna gidajen dangi. Ta naɗe kwamfutar ta ajiye a kan gadona ta fita da gudu. Na tsaya ina kallon abin. Gida zai cika da baƙi, yara za su shiga ko'ina, wani zai zauna a kai, wani zai ɗauka. Na ce a raina, yaran yanzu ba su san ajiya ba. Ina da wata sabuwar randa mai faɗin baki a bayan ƙofata, ban taɓa zuba mata ruwa ba. Na naɗe kwamfutar a baƙin zane, na zura ta ciki a hankali, na kife faifai a kai. Ban gaya wa kowa ba. Har daɗi na ji.

Abin da na manta, ni da na tsufa a cikinsa, shi ne al'adar garinmu. Ranar suna mace ba ta shigowa gidan jego da safe hannunta haka. Da bokitin ruwa take zuwa daga famfo, duk randar da ta tarar da sarari ta cika ta, ba ta tambayar kowa. Ni kaina na cika randunan mutane ba adadi. Maƙwabciyarmu ta zo a makare, ta tarar randunan tsakar gida duk sun cika har baki. Ta leƙa ɗakina, ta ɗaga faifai, ta ga duhu, ta juye bokiti biyu don ta kyauta min.

Wajen azahar jikata ta dawo tana neman kayanta. Na ce da ita cikin isa, “Da ba don ni ba da yanzu kina kuka. Biyo ni.” Na ɗaga faifan, na zura hannu, sai na ji sanyin ruwa har gwiwar hannuna.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ɗago zanen yana zuba, na fito da shi tsakar gida, abin da ya fara fita daga bakina ba salati ba ne, ihu ne: “Wa ya shiga ɗakina?” Maƙwabciyar ta taso daga wajen murhu tana goge hannu, ta ce, “Yaya, ni ce. Na ga randarki a bushe.” Ban bari ta rufe baki ba. Na ce makauniya ce ita? Na ce wa ya aike ta? Na faɗi har da abin da ba zan maimaita a nan ba, a gaban ɗana da surukata da unguwarzoma da ta farka a firgice. Ba ta rama ba. Ta ɗauki bokitinta ta fita, ko wainar suna ba ta ɗanɗana ba. A zuciyata na san wanda ya yi laifin, shi ya sa ma muryata ta yi ƙarfi haka.

Jikata ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta karɓi kwamfutar ta kife ta a kan turmi, ruwa yana tsiyaya ta gefe, ta ce kada wanda ya kunna. Fuskarta ta yi fari. Na matsa kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa na ce, “Faɗa min gaskiya. Karatun 'ya'yan mutum nawa na nutsar?”

Ta dube ni kamar ba ta gane ba. Can ta ce, “Inna, ai ba a ciki suke ba. Suna makaranta. Wannan taga ce kawai nake leƙawa ta ciki.”

“Kada ki lallashe ni, ni ba yarinya ba ce. Da idona na gan su.”

“Wallahi suna can. Abin da ban sani ba shi ne ko aikin da na yi kwana biyun nan ya zauna. Sabis yana ta yankewa da aka kira ni. In bai zauna ba, ko na kwana ina yi ba zan gama kafin Litinin ba. Sai na shiga na gani.”

Ta sauko da wayarta daga darbejiya, babu sabis ko ɗigo, hadari ya haɗo ta gabas. Wuri ɗaya ya rage, tudun bakin hanya wajen tsamiya, inda masu babur suke tsayawa. Ɗana ya ce in zauna, baƙi suna shigowa. Ban ko dube shi ba. Na yafa mayafi na shige gaba. Muka ratsa ta cikin gero da ya fi mu tsawo, mata suna tahowa da kwanuka suna ce min barka da suna, ban amsa wa ko ɗaya ba. Rabon da in yi sauri irin wannan tun ina da ƙarfin zuwa kasuwa a ƙafa.

A gindin tsamiya ta tsuguna, ni kuma na ware mayafina na kare mata haske. Ta danna, wani ɗan zobe ya yi ta zagayawa a fuskar wayar kamar akuya a turke, sannan ya tsaya. Ta sake. A karo na biyu ya nemi lambar sirri, ta yi gaggawa ta sa ba daidai ba. Ta sake kuskurewa. Ta ce, “Inna, in na ƙara ɓatawa zai kulle ni, sai Litinin malam ya buɗe.”

Nan halina ya yi rana sau ɗaya a wunin. Na ce, “Ajiye wayar nan. Goge hannunki a zanena. Yi bisimilla. To, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.” Ta yi yadda na ce.

Sai ga su. 'Yan akwatunan nan da na gani jiya, a jere, ƙanana ƙwarai a fuskar wayar da ta tsage ta gefe. Ta ja yatsa ƙasa tana dubawa, ta ja, ta ja, sannan ta saki wata ajiyar zuciya. Ta nuna min wani ɗan tsinke yana ƙyaftawa a ƙarshen layi, ta ce, “Kin ga nan? Nan na tsaya da Umma ta kira ni. Ko rabin kalmar da ban ƙarasa ba tana nan tana jirana.”

Ni dai ban yarda da abin da ban ji da kunnena ba. Na ce ta kira ɗaya daga cikin masu akwatunan. Ta kira wata ɗaliba a Gezawa ta ce ta gwada shiga. Muna jin ƙarar injin niƙa a bayanta. Jim kaɗan ɗaya daga cikin akwatunan ya koma kore, muryar yarinyar ta fito, “Na shiga! Ga komai nan. Lafiya dai?” Jikata ta ce, “Lafiya lau, kakata ce take duba aikina.” Na zauna a kan saiwar tsamiya ina ta hamdala, ruwan sama ya fara ɗigowa ban ma ji ba.

Ɗana ya aro tsohuwar kwamfutar malamin asibitin garinmu, wadda take ƙara kamar za ta tashi sama. Na ce wannan za ta iya? Jikata ta ce ai don irinta aka yi aikin, ƙarfin yana can makaranta. Da ita ta ƙarasa, ranar Litinin yara suka yi jarrabawarsu. Tata kuwa ba ta sake tashi ba, mai gyara a birni ya yi iya yinsa. Abu ɗaya ya tafi da ita wanda har yau yake min ciwo: hoton marigayi Malam, mijina. Na takarda gara ta cinye shi tuntuni, wanda jikata ta ɗauka da waya kuma a cikin kwamfutar kaɗai ta ajiye, ba ta kai shi ko'ina ba.

A hanyarmu ta dawowa daga tsamiya ne ta tambaye ni, “Inna, me ya hana ki gaya min inda kika sa ta?” Na ce ban saba ba. Ta ce su a can mabuɗin babbar na'urar yana hannun mutum uku, ko yau ta faɗi ta mutu ɗalibai za su shiga. Na daka mata tsawa ta daina kiran mutuwa ranar suna. Amma maganar ta zauna min. Takardar gonarmu, da 'yan kunnen mahaifiyata, da likkafanin da na tanada, babu mahaluƙin da ya san inda suke. Na ɗauka ajiya ita ce ɓoyewa. Ashe abin da mutum ɗaya kaɗai ya san wurinsa bai tsira ba, jiran ranar ɓatansa kawai yake yi.

Washegari da na idar da sallar asuba, na zuba waina da soyayyen naman suna a kwano. Ban miƙa ta kan danga ba yadda muka saba, na zagaya ta ƙofar gida na yi sallama. Na tarar da ita tana hura wuta. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa wadda na girma ba, na ce, “Ni na sa abin a randa, ke alheri kika yi. Ki yafe min.” Ta ajiye itacen hannunta ta ce, “Yaya, tashi kafin wani ya gani ya ce ciwo ne ya kama ki.” Muka yi dariya har da hawaye.

Da na dawo gida na kira ɗana da jikata ɗakina. Na ɗaga katifa, na kwance bakin tsohuwar ƙwarya da ke rataye, na janye tubalin da ke bayan gado. Na nuna musu komai ɗaya bayan ɗaya, na sa kowannensu ya maimaita min wurin da bakinsa. Sannan na ɗauki moɗa na ɗebi ruwan randar nan na sha.