Dubiyar Matar Roba

Da jikata ta samu makarantar koyon aikin jinya a Wad Madani, ubanta, wato ɗana, ya kafa sharaɗi guda: ranar da ya ji maza na zancenta a ƙofar masallaci, ranar karatu ya ƙare. Ni na tsaya mata, don haka idona na kanta.

Wani hutu ta dawo da akwatin da ba da shi ta tafi ba. Na ce ta buɗe. Rabin mace ce ta roba, daga wuya zuwa cibiya, ba kai, ba ko ƙyalle. Aro aka ba su su yi ta gwaji kafin jarrabawa. An ɓoye ƙulli a cikin nonon, ita kuma tana koyon yadda za ta nuna wa mace ta laluba nata da kanta. Wayarta ce bakin robar. Ta ce na'ura ce aka koya wa amsa tambaya kamar majinyaciya, in yatsa ya kauce kuma ta faɗa. Na ce na ji, amma a ɗakina robar za ta zauna. Na kwantar da ita a angareb, gadonmu na igiya, na lulluɓe ta da tsohon tob ɗina, mayafin da muke naɗawa.

Katangarmu gajera ce. Da hantsi yarinya na gwaji, wayar na kuka da larabci wai ta ji ƙulli a hagu, tana tsoro, ba ta gaya wa kowa ba. Maƙwabciyata na shanyar kuɓewa a bayan katanga. Kafin la'asar unguwa ta san ina da baƙuwa marar lafiya, na kuma ɓoye ta.

A wurinmu ba a barin mai ciwo ba dubiya. Washegari sai ga mata, wannan da kwanon kunu, wannan da lemun tsami. Na tare ƙofa na ce tana barci.

Maƙwabciyar ta ce, "Hajja, ke da kike faɗo mana ɗaki ko ciwon kai muke, yau taki baƙuwar ce ba a gani?"

Gaskiyarta. Na matsa.

Suka zauna suka gaida tob. Jikata, wadda tun tana goye ba ta da ta ido, ta taɓa waya. Wayar ta amsa da alhamdu lillahi, sai dai ƙullin na nan. Wata tsohuwa ta ce a kai ta asibiti tun da wuri, wata ta tambaya ko mijinta ya sani. Sai ɗaya ta ce zafi ya yi yawa, bari ta buɗe mata fuska ta sha iska. Ta nemi fuska ta rasa.

Ba zan faɗi wadda ta fara kaiwa ƙofa ba, mai surukai ce. Na tura ƙyaure na ce kowa ta zauna, ba a tashi daga dubiya ba a sha jabana, wato gahawa, ba. Kafin ruwa ya tafasa yarinya ta nuna musu: da tafin yatsu ake bi, a zagaya har hammata, bayan an gama al'ada, in an ji wani abu kuma asibiti za a nufa, a bar batun turare da shafe-shafe. Kowa ta taɓa. Wayar ta ce maƙwabciyata ta cika dannawa, mata suka ce ta ɗauka kwaɓin gurasar kisra ne. Ta ji haushi, ta ƙi ba kowa wuri sai da ta gano ƙullin. Duk wadda ta sa hannu kuwa ba ta da bakin ba mijinta labari.

Amma labarin baƙuwa ya riga ya kai masallaci. Da safe, kafin ya tafi gona, ɗana ya tsaya a ƙofar ɗakina. Ya ce maza na yi masa ya mai jiki, shi ko bai san da kowa ba. Jikata ta daskare da tsintsiya a hannu.

"Inna, wace ce? In shigo in gaishe ta."

Na ce, "Lalurar mata ce, a ƙirji. Ga ta nan kwance ba riga. Shigo."

Ya ja da baya har ya taka buta. Daga tsakar gida ya yi mata addu'ar samun sauƙi, da rana ya aiko da kaza a yi mata romo. Ni da yarinya muka sha.

Ranar komawa shi ya ɗauki akwatin har bakin titi, yana mitar littattafan zamani sun cika nauyi. Da motar ta tashi ya tambaye ni, yana kallon ƙasa, ko baƙuwar na nan. Na ce ta tafi Madani, tana hannun masu jinya.