Ranar da na kaɗa miyar kuka da cakulan

Ko zan tsufa har in riƙa neman carbina alhali yana wuyana, ranar da na kaɗa wa uwar mijina miyar kuka da cakulan ba za ta fita daga kaina ba. Ko ni na so in manta, dangin maigidana ba za su bari ba.

Lokacin watana biyu da tarewa a Gwandu. Surukata, wadda kowa ke ce wa Inna, tana zaune a Kalgo, kuma sana'arta daddawa. Ba daddawar wasa ba, har daga Birnin Kebbi ake aiko mata. Tun kafin biki labari ya iso kunnena cewa ta ce 'yan matan yanzu in aka ƙwace musu magi to an gama da su. Sai ga saƙo wai ranar Laraba za ta zo ganin ɗakina. Ni kuwa na san ba ɗaki za ta duba ba, tukunya za ta duba.

Ana saura kwana uku, yayan maigidana ya sauka gidanmu. Direba ne, yana kai albasa ƙasar Yarbawa ya dawo da goro. Na je gaishe shi, na durƙusa can nesa, kaina a ƙasa, yadda aka koya mana. Ya turo mini wani abu nannaɗe cikin takarda mai walƙiya, ya ce abokinsa na kudu ya ba shi, irin wanda Turawa ke so ne, in adana. Na yi godiya na tashi. A wurinmu matar ƙane ba ta tsare yayan miji da tambayar mene ne wannan, sai a ce ba ta da kunya. Maigidana ma ban nuna masa ba, don kada ya ce amarya komai sai an gaya mata.

Da na buɗe a ɗaki sai na ga abu baƙi ƙirin, faɗinsa kamar tafin hannu, an tsaga shi gida-gida daidai girman ƙwayar magi. Cakulan ɗin da na sani shi ne na teburin mai alewa, mai zaƙi har ya hau kai. Wannan kuwa na lasa na ji ɗaci da ɗan tsami, ga ƙamshi irin na abin da aka rufe ya kwana biyu. Na zauna na yi tunanina: baƙi ne, a dunƙule yake, ba zaƙi, ga wannan ƙamshi. Ai ko makaho ya san daddawar Turawa ce. Na ce a raina Allah ya kawo mini abin da zan rufe bakin Inna da shi.

Ranar Laraba na tuƙa tuwon shinkafa mai laushi. Na ɗora ruwan miya, na zuba busasshen kifi da tattasai da barkono, sannan na ɓalli gida huɗu na jefa. Nan take suka narke, ruwan ya yi duhu yana sheƙi. Na ce abu mai kyau ba a yi masa rowa, na ƙara biyu. Na kaɗa kuka, na zuba man shanu. Ɗanɗanawa? Na ɗanɗana mana. Na ji wani baƙon abu a maƙogwaro, amma na ce haka abin manya yake, harshena ne bai waye ba.

Na kai wa Inna kwanonta ɗaki, na aika na maigidana da Yaya zaure, na dawo na laɓe bayan labule. Allah ya ba ni kunne, ko allura ta faɗi ina ji. Na ji ta yi bisimilla. Na ji loma ta farko. Sai shiru, shirun da har na jiyo akuyarmu tana tuƙa a bayan gida. Na ji ta ɗaga moɗa ta sha ruwa da yawa, ta ce a hankali, "Ikon Allah." Sannan ta ci gaba da ci. Da na shiga ɗaukar kwano na tarar ta suɗe shi tas. Na koma madafa ina taka rawa ni kaɗai.

Rawar ba ta yi nisa ba maigidana ya shigo, fuskarsa kamar wanda ya tauna maɗaci. "Mi kinka sa cikin miyar ga?" Na ce da alfahari, daddawar Turawa da Yaya ya kawo. Ya juya ya koma zaure. Sai na ji dariyar Yaya ta tashi, yana yi yana tari, har maƙwabta suka leƙo.

Inna ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce kowa ya zo, kuma in kawo sauran abin. Na zo na rakuɓe, ina fatan ƙasa ta tsage. Yaya ya share hawaye ya ce cakulan ne, irin wanda ba a cika wa sukari. Ya ce ya ga gonakin koko, itacen da ake yin cakulan da shi, da idonsa: 'ya'yan a jikin kututturen itacen suke fitowa, a fasa a kwashe ƙwayar, a lulluɓe ta da ganyen ayaba ta yi kwanaki tana ɗaukar zafi, sannan a shanya, a soya, a niƙa. Ya ce abokinsa ya ba shi labari asalin itacen daga wata ƙasa ne can bayan teku, mutanen can da ɗacinsa suke dama shi su sha, har da barkono, ƙwayar kuma suna ciniki da ita kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Turawa ne daga baya suka haɗa shi da sukari da madara.

Inna ta ɓalli gida ɗaya, ta shinshina, ta juya shi. Ta tambayi Yaya, wato rufe shi ake yi ya kwana kamar kalwar da take yin daddawa da ita? Ya ce ƙwarai. Kuma masu shi da barkono suke sha? Ya ce haka aka ce. Sai ta dube shi ta ce, "To mi kake ma dariya? Ɗiyata hancinta bai yi ƙarya ba. Kai da ka ba mutum abu ba bayani, kai ne abin dariya."

Wallahi a nan na ji hawaye sun zo mini. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta yadda ta iya cinye tuwon. Ta ce girkin farko na amarya ba a maido shi, ko toka ta dafa, amma kada in sake, don tsohuwa rai ɗaya gare ta. Ta kwance ƙullinta ta miƙo mini daddawa curi biyar, ta ce surukar mai daddawa ba ta neman ta Turawa.

Sauran cakulan ɗin a kan tabarmar nan muka raba. Yaya ya ce kada a tauna, a bar shi kan harshe. Na sa nawa a baki. Ɗacin ya fara zuwa, sai ya lafa, wani maiƙo mai laushi ya biyo baya, can ƙarshe ɗan zaƙi ya leƙo kamar baƙo mai kunya. Inna da ta saba da goro ita ta fi kowa jin daɗinsa, har ta ɓoye gida biyu a bakin zanenta.

Yau shekaru sun ja, ni ma na kusa yin suruka. Duk sanda Yaya ya dawo daga kudu sai ya aiko mini da guda, tare da saƙon Inna cewa a nisanta shi da tukunya. Abin da na koya shi ne kunya ado ce, amma ba ta gaya maka abin da ke cikin ƙunshi. Matambayi ba ya ɓata. Da na buɗe baki na yi tambaya ɗaya, da tsohuwar mutane ba ta sha ruwa moɗa uku a kan tuwo ɗaya ba.