Ƙafa Sama a Gaban Suruka

Shekara ashirin da 'yan kai na yi a tsaye gaban allo a wata firamare a Badarawa, kafin ƙafafuna su ce sun gaji. Jijiyoyin ƙwaurina suka kumbura, suka murɗe kamar taliyar murji. La'asar na yi sai zugi. Ga jiri kuma, in na miƙe da sauri sai ɗakin ya juya da ni.

Likita ta ba ni doguwar safa mai matse ƙafa, ta ce in riƙa shan ruwa, in daina zabura in zan tashi. Duk na ce to. Sai ta ƙara da cewa kullum in na dawo aiki in kwanta in ɗaga ƙafafuna su fi ƙirjina tudu.

Nan gizo ke saƙar. A watan ne surukata ta zo daga Katsina ganin likitan ido, kuma ɗakina aka sauke ta. Falo kuwa ba ya rabo da baƙin maigidan. Ni da ko ruwa ba na sha a gabanta, ni ce zan jingina ƙafa da bango tana kallo? Na ce a raina gara zugin.

Da zugin ya fi ƙarfina sai na samo dabara. In shige kicin in tura ƙofa, in shimfiɗa tabarma, in ɗora ƙafa a kan buhun masara. Ran nan ina cikin jin daɗina surukar tawa ta turo ƙofa tana neman ruwan ɗumi. Na zabura, abin da aka hana ni. Jiri ya kwashe ni, sai ga ni a cikin tukwane.

"Subhanallahi! Ke 'yar nan, mi kike yi nan?"

Kaina a ƙasa na gaya mata, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta zauna a kujera 'yar tsugune, ta ja zaninta zuwa gwiwa. Jijiyoyinta sun ninka nawa.

"Shekara talatin ina daka gidan surukai, ban taɓa miƙe ƙafa ba," in ji ta. "Ga abin da kunya ta bar mani. Tashi a hankali."

Washegari na dawo na tarar ta jera filo huɗu a gindin bango, biyu nata biyu nawa. Maigidan ya yi sallama, ya ga ƙafa huɗu a sama, ya juya sumui-sumui. Muka yi dariya har da hawaye. A kwancen nan muka yi hirar da ba mu taɓa yi a zaune ba.

Ƙafar ta yi sauƙi, alhamdulillahi, jirin ma sai jefi-jefi. Ita kuwa ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Har yau in na dawo, filo huɗu nake jerawa.